Rubutun Gefen Shafi

Ranar Alhamis, saura kwana uku a yi sanarwar aurensu ta ƙarshe a coci, Edith ta fito daga masaƙa da ɓurɓushin auduga a gashinta ta tarar da Tagwai a bakin get, tsaye, babu kekensa. Shekara biyu suna tare, bai taɓa zuwa tarbarta da ƙafa ba.

"Mama na nemanki," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan daga Kakuri har Sabon Tasha. A cikin bas ta tambaye shi sau uku ko lafiya, shi kuwa ya kafa wa taga ido kamar yau ya fara ganin hanyar.

Ba sabon abu ba ne shirun Tagwai. Makanikin injin saƙa ne, hannunsa ya san ciwon kowane inji a sashensu, amma bakinsa sai ka rantse aro ya yi. An ce tun yana ɗan shekara bakwai, da ƙyanda ta ɗauke ɗan'uwan tagwaicinsa, magana ta zame masa aiki. Edith ta so shi a haka. Sai dai shirun ranar nan daban yake, kuma ta ji shi har cikin ƙashinta.

A cocinsu ba a ɗaura aure sai an karanta sunayen masu niyya Lahadi uku a jere, kowace Lahadi Baba Pasto ya ɗaga kai ya tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana. In mutum ɗaya ya miƙe, magana ta koma gaban dattawa, kuma abin da ya shiga gaban dattawa ba kasafai yake fitowa da rai ba. Lahadi biyu sun wuce lafiya. Saura ɗaya.

Mama Hannatu, uwar Tagwai kuma shugabar ƙungiyar zumuntar mata ta cocin, dama da ƙyar ta yarda. Marainiya ce Edith, ga ta 'yar masaƙa, ga ta kullum da littafi a jaka wanda ba na waƙoƙin coci ba. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ya isa laifi a wurin Mama.

Sun same ta a falo, ta sa tabarau, Littafi Mai Tsarki a cinyarta. Edith ta durƙusa ta gaishe ta. Maimakon "tashi 'yata" da aka fara saba mata da shi, sai Mama ta nuna tebur da haɓa.

Littattafai uku ne a kai. Edith ta gane su tun daga bango.

Kowa da jarabarsa a duniya. Wasu mata na masaƙa kuɗinsu a hoda yake ƙarewa, wasu a sinima. Edith ita nata a rumfar Benson yake tafiya, mai ba da hayar littattafai kusa da tashar bas ta Kakuri. Na Turanci, na Hausa, wanda bangonsa ya yage, duk ba ta zaɓe. Kuma ba ta iya karatu da baki a rufe ba. Tana zaune ita kaɗai a ɗakin haya ba wanda za ta yi gardama da shi, sai ta ɗauki fensir ta yi gardamar da littafin kansa, a gefen shafi, da Hausa, don fushi ba ya fita mata da Turanci. In ta gama ta mayar, ta manta. Ba ta taɓa karɓar littafi ɗaya sau biyu ba.

Ukun nan su ta karanta a watan jiya, kuma babu wanda ya gamsar da ita gaba ɗaya. Na farko labarin wata sarauniya ce da ke mulki a ƙarƙashin kogi, da fadar gilashi da dawakai masu fuka-fuki. Edith ta yi ta tsaki tana karantawa, amma sai da tuwonta ya ƙone a kan risho don ta kasa ajiye shi. Na biyu na binciken kisa ne, wani ɗan sandan ciki mai lofe da ya ɓata shafi ɗari biyu yana neman abin da ke gaban hancinsa. Na uku na soyayya ne. Shi ne ya fi ba ta haushi, don yarinyar ciki ta yi babi huɗu tana kuka, kuma shi ne ta kasa mantawa.

"Waɗannan rubutunki ne?" Mama ta tambaya.

"Nawa ne, Mama."

Mama ta buɗe na farko inda ta sa tsinken tsintsiya, ta karanta a hankali, da muryar da take karanta Zabura ranar zumunta. "Ƙarya tsagwaronta. Amma da matar nan za ta zo ta ɗauke ni daga ƙarar injin nan, da na bi ta cikin ruwan ban waiwayo ba." Ta ɗago ta dubi Edith ta saman tabarau. Ta ce ita dai shekararta talatin tana addu'a a kan 'yan ruwa, ba ta taɓa tsammanin za ta biya sadakin mai kiransu da hannunta ba.

Ta buɗe na biyu. "Tun shafi na arba'in na gane matar gidan ce ta sa gubar. Sakarya. Da ni ce da na fi ta iya ɓoyewa."

A wata rana da Edith ta yi dariya. Yau kuwa ba ta yi ba, don ta ga yadda maganar take a kunnen matar da za ta ci girkinta.

"Mama, labari ne fa. Kamar yadda mata ke yi wa wasan rediyo ihu. Ban taɓa ko ganin guba ba."

"To wannan jan rubutun fa? Shi ma labari ne?"

Mama ta turo mata littafin. A ƙarƙashin fensirinta akwai wani rubutu da jan biro, mai kwance, wanda ba ta taɓa gani ba. "Sirrinki yana wurina." Ta jawo na farkon. Nan ma akwai. "Ni zan ɗauke ki, ba sai kin shiga ruwa ba." Shafi bayan shafi, duk inda ta yi magana an amsa mata. Wanda bai sani ba zai rantse mutum biyu ne suke aika wa juna saƙo, littafin ne ɗan aikensu.

Rubutun Benson ne. Shi ya kawo su jiya da kansa, in ji Mama, ya ce a matsayinsa na Kirista ba zai ga ana cutar ɗan'uwa ya yi shiru ba.

Edith ta yi rantsuwa, abin da ba ta saba ba. Ta ce bayan ta mayar da su ya rubuta, ta ce ko sau ɗaya idonta bai sauka a kan jan biron nan ba, ta ce a tambayi kowa a masaƙa ko an taɓa ganinta da Benson ban da karɓa da mayarwa. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma wanda ya yi wannan karin maganar bai taɓa durƙusawa a gaban Mama Hannatu ba.

Mama ba ta ɗaga murya ba. Littafi Mai Tsarkinta ta buɗe ta juyo mata shi. Gefen shafukan cike suke da ƙananan rubutu, wani ya koɗe, wani sabo. Haka matan zumunta suke yi: abin da ya fi ƙarfin mace sai ta rubuta shi kusa da ayar da ta riƙe, da ranar da ta fara roƙo. In Allah ya amsa, ta sa kwanan wata na biyu a gefe.

"Duba nan. Ranar da na roƙa wa babansu sauƙin ciwo, ga ranar da Ubangiji ya ɗauke masa wahala. Ga nan na roƙi ɗakin nan da muke ciki, ga amsa. Ga wannan." Yatsarta ta tsaya a wani tsohon rubutu da babu kwanan wata na biyu a gefensa. "Ubangiji, ka buɗe bakin ɗana Tagwai. Shekara goma sha tara ke nan ina jira. Ke za ki koya mini abin da gefen shafi yake nufi? Hannu ba ya rubuta abin da babu shi a zuciya, yarinya. Abin da mace ta kasa faɗa wa kowa, nan take ajiye shi."

Sannan ta miƙa mata na uku, ta ce wannan ita za ta karanta da bakinta.

Edith ta san shafin tun kafin ta duba. Wurin da uwar saurayin ta wanke yarinyar tas a gaban baƙi, shi kuwa ya tsaya yana kallon takalminsa. Ta dubi Tagwai. Yana tsaye a bakin ƙofa tun shigowarsu, hannuwansa a baya.

"Mama, don Allah ki yafe mini wannan."

"Karanta."

Ta karanta, hawaye na ɗiga a takardar. "Irin Tagwai sak. Ranar da uwarsa ta buɗe baki a kaina, zai yi shiru ya bar ni. Na sani. Duk da haka shi nake so, ni ce wawuyar." Jan biro a ƙasa ya ce, "Ni ba zan yi shiru ba. Ki zo."

Muryar mai tallan kalanzir ta shigo falon daga waje.

"Tagwai," ta ce, "ka san ni. Ka ce wani abu."

Ya buɗe baki. Sai ya sunkuyar da kai.

Mama ta rufe Littafinta. Ta ce zaɓi biyu ne: ko Edith ta je da ƙafarta wurin Baba Pasto kafin Lahadi ta janye, a rabu da mutunci, ko kuwa ita ta miƙe a gaban jama'a da littattafan nan uku a hannu.

Washegari da aka tashi aikin safe, Edith ba ta ko wanke fuska ba ta nufi rumfar Benson. Ta same shi yana liƙe bangon wani littafi da gam, da gashinsa da ya sha mai, kamar ba shi ya kunna wutar ba. Benson ba mummuna ba ne, kuma ba jahili ba. Da ma jahili ne da abin ya zo da sauƙi.

Ba ta zage shi ba, ko da yake zagin na bakinta. Roƙonsa ta yi. Ta ce ya zo ya gaya wa Mama gaskiya, kalma goma ta isa, ya ce ba ta taɓa ganin rubutunsa ba.

"Sista Edith, shekara biyu ina karanta ki," ya ce. "Duk littafin da kika dawo da shi ba na ba kowa sai na bi shi shafi-shafi. Na san abin da ke ba ki dariya, na san abin da ke sa ki kuka. Shi ya sani? Ya taɓa buɗe ko ɗaya? Ba ni na ce zai bar ki ba, ke kika rubuta."

"Da littafi nake magana, Broda Benson, ba da kai ba."

"To littafin ya amsa miki? Ni na amsa."

Ta durƙusa a ƙasar tasha, a gaban masu jiran bas, ta riƙe ƙafar teburinsa. Ta ce ba ta da uwa ba ta da uba, sunanta kaɗai ta mallaka a garin nan, in aka miƙe a kanta ranar Lahadi ko sayen manja ba za ta iya fita yi a Sabon Tasha ba. Ya kawar da kai. Ta ga abin ya taɓa shi, amma bai isa ya juya shi ba.

"Ki bari Lahadi ta wuce," ya ce a hankali. "In ya yi magana, ni da kaina zan je in ba Mama haƙuri. In bai yi ba, kin san inda rumfata take."

Ta tashi ta kama hanya da ƙafa. Ta tuna ɗan sandan nan mai lofe da ta raina. Ashe shi mai sa'a ne, marubucinsa ya ajiye masa shaida a ƙarƙashin kujera yana jiran ya ɗaga. Ita wa ya ajiye mata? Jan biro ba ya faɗin ranar da aka rubuta shi. Ta tuna sarauniyar kogi, ta ji da gaske da akwai ta da ta neme ta yau. Ta tuna yarinyar da ta yi babi huɗu tana kuka, wadda ta rubuta wa "ki tashi ki nemi aikin yi" a gefe. Sai kunya ta kama ta. Babi huɗu ma ai ta yi ƙoƙari.

Ranar Asabar rabin rana ake yi a masaƙa. Lokacin hutu Tagwai ya same ta a bayan kantin abinci, inda ƙarar injuna ke ɗan raguwa. Ya zaro littafin soyayyar daga aljihun rigar aikinsa. Ashe ya ɗauke shi daga teburin uwarsa. Gefen shafukan sun yi baƙi da man inji, alamar an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bai tambaye ta Benson ba. Ya buɗe shafin ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layinta.

"Haka kike ganina?"

Ƙarya na nan kusa, mai sauƙi. Da ta ce wasa take yi, da ya karɓa, don yana son ya karɓa. Amma ta gaji.

"Haka nake ganinka. Shekaranjiya ma ai haka ka yi." Kuka ya ƙwace mata. "Ban ce ka zagi Mama ba, Tagwai. Uwa ce, ta sha wahalarka. Amma ina durƙushe ana karanta ni kamar takardar kotu, kana tsaye. Ka san ba ni da kowa. In na janye, na amsa laifin da ban yi ba. In ban janye ba, a tozarta ni a gaban Allah da mutane. Kai kaɗai za ka iya tsayawa tsakani, kuma ni da kaina na rubuta cewa ba za ka iya ba. Ka ga inda na tsaya? Ba zan je wurin Baba Pasto ba. Gobe zan zo in zauna a wurina. Abin da zai same ni ya same ni kana gani."

Leɓɓansa suka motsa, daidai lokacin da jiniyar komawa aiki ta ɗauka. Ba ta ji ko harafi ɗaya ba. Kafin jiniyar ta yi shiru ya mayar da littafin aljihu ya juya.

Lahadi cocin ya cika har taga. Maza a dama, mata a hagu, hanya a tsakiya, kamar yadda aka saba tun kafuwar cocin. Edith ta zauna a benci na biyar da farar rigarta. Benci uku a gabanta Mama Hannatu ce cikin zanen zumunta, da jaka a cinya wadda ta fi kullum kumbura. Can baya wajen ƙofa ta hango gashin Benson yana ƙyalli, shi da ba ɗan cocin ba ne.

Ba ta ji wa'azi ba. Ba ta san waƙar da aka yi ba. Sai da Baba Pasto ya gyara tabarau ya ɗauko 'yar takarda sannan jinta ya dawo. Ya karanta sunayensu, ya ce wannan ce sanarwa ta uku kuma ta ƙarshe. Ya ɗaga kai ya yi tambayar.

Mama Hannatu ta dafa bencin gabanta ta miƙe.

Wani irin numfashi ya ratsa ɓangaren mata. Edith ta rufe ido. Ta ji ƙarar benci daga dama, ta ɗauka wani dattijo ne ke gyara zama. Sai ta ji takun takalmi a kan siminti, yana tsallaka hanyar tsakiya, wadda namiji ba ya tsallakawa sai in gobara ta tashi.

Da ta buɗe ido Tagwai na tsaye a gefen bencinta, a tsakiyar mata, gumi na zuba masa har wuya.

"Mama," ya ce. Ya ƙara ɗaga murya. "Mama, na karanta littafin duka. Abin da ta rubuta a kaina gaskiya ne. Sauran kuma ba ita ba ce, na san ta. In za ki yi magana a kanta, ki fara da ni. Ni na bar ta ta durƙusa ita kaɗai. Ba zan ƙara ba."

Babu wanda ke cocin nan da ya taɓa jin Tagwai ya jera magana haka. Har ƙarshen benci na baya an ji shi.

Baba Pasto ya dubi uwar, ya dubi ɗan. "Mama Hannatu, kina da magana?"

Tana tsaye, hannunta ɗaya cikin jaka a kan littattafan, idonta a kan ɗanta kamar wani baƙo ne ya shigo da fuskarsa. Baba Pasto ya sake tambaya.

A hankali Mama ta zare hannunta daga jakar. Ta zauna. Ba ta dubi Edith ba, kuma babu alamar yafiya a bayan wuyan nan nata. Littafi Mai Tsarkinta ta jawo, ta yi ta buɗe shafuka har ta kai tsohon rubutun nan da babu kwanan wata na biyu a gefensa.

Sai ta juya ga matar da ke kusa da ita, hawaye na bin kuncinta, ta tambaye ta ko tana da biro, kuma yau nawa ga wata.